Gadon Sallama

A ɗakin ajiyar kaya na wani gidan talabijin akwai wani gadon asibiti mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda ake tokarewa da guntun katako. 'Yan wasa suna kiransa gadon sallama. Babu wanda ya taɓa cikawa a kansa da gaske. Abin da ake yi shi ne, duk ɗan wasan da masu shiri suka gaji da shi, sai marubuta su ƙirƙiro masa ciwo, a kwantar da shi a gadon nan, a liƙa masa robar ƙarin ruwa da salatif, mako na zagayowa ka ga ana yi wa iyalinsa na fim gaisuwa. Haka aka yi wa dattijon da ke fitowa a direba lokacin da hannunsa ya fara rawa. Haka aka yi wa wata baiwar Allah da ta fara manta zancenta. Kowa na yi wa gadon dariya, amma ba ka taɓa ganin wanda ya zauna a kansa ya sha shayi ba.

Saboda haka ranar da Mai Shari'a ta shigo ta tarar ana goge shi, sai ta ja ta tsaya cak.

Sunan da duk gari ya santa da shi ke nan, Mai Shari'a, saboda ta daɗe tana fitowa a matsayin alƙaliya a wani shiri mai dogon zango. A kasuwa mata kan tare ta su kawo ƙarar mazajensu, ta yanke hukunci a tsaye a yi dariya. Ba da wannan ta fara ba. Tana budurwa ta shiga wasan rediyo, inda babu mai ganin fuskarka, kunnenka da muryarka su ne jarinka. Daga nan ta yi tallar sabulu, ta yi ƙawar jaruma, ta yi jaruma na ɗan lokaci, sannan aka wayi gari an ce ta zama uwa, alhali ɗan nata na fim ya girme ta. Ta haɗiye duk wannan. Kujerar alƙalanci ce kaɗai aikin da ta ji ya yi daidai da ita, kuma ba ta da niyyar tashi.

Abin da gari bai sani ba shi ne kunnenta na dama ya mutu, na hagu kuma yana bin sahu. In an yi magana da ƙarfi takan ji kamar daga cikin randa. In an yi raɗa, shiru kawai. Likita ya ce jijiya ce, ba ta dawowa. Ya ba ta wata 'yar na'ura da ake cusawa a kunne, ta ɓoye ta a ƙarƙashin ɗankwali ta je aiki da ita sau ɗaya. Ana fara ɗauka mai sauti ya cire abin kunnensa ya ce wani abu na yi masa fito. Aka kashe fanka, aka karɓe wayoyin mutane, har bayan labule aka duba. Ita kuwa tana zaune gumi na bin bayanta, ta ce za ta zagaya, ta cire abin ta jefa cikin jaka. Ba ta sake sa shi ba.

Bakin mutane take karantawa. Allah ya taimake ta, a kotu kowa alƙali yake fuskanta: lauya, mai ƙara, wanda ake tuhuma, duk bakinsu a gabanta. Kallon nan da take ƙura wa mai magana, wanda masu sharhi ke yabawa suna cewa yana ratsa zuciyar mai laifi, leɓe kawai take bi. A gida ma haka. Autarta, wadda ta gama karatu tana zaune tare da ita, ta ɗauka tsufa ne ya sa Mama son ƙure sautin talabijin da yawan cewa “me kika ce?”.

Mutum ɗaya ne ya sani, wanda ke fitowa a magatakardan kotunta. Tare suka taso tun rediyo. Shi ya lura, bai kuma tambaye ta ba. Rana ɗaya dai ta ga duk lokacin da wani zai yi magana daga bayanta, sai ya ɗaga biro ya sosa kunne. Daga baya ta ce masa, “In ka faɗa wa wani, ni da kai har abada.”

Ya ce, “Ranki ya daɗe, magatakarda rubutu yake yi, ba ya magana.”

To ga gado ana gogewa.

Daraktan shirin sabo ne, yaro mai zafin kai da gilashi a goshi. A bayan idonsa ana kiransa A-Sake, don ko atishawa ka yi sai ya ce bai fito ba a sake. Ya hango fuskarta ya taho yana dariya.

“Hajiya, kwantar da hankalinki, ba sallama ba ce. Haɗarin mota kika yi, kin yi doguwar suma. 'Yarki za ta zo ta zauna ta roƙe ki gafara, ta saki hannunki, ta tafi har bakin ƙofa. Can za ta juyo ta ce ‘Mama’ a hankali. Kina ji sai ki buɗe ido. Ke ce za ki fara tashi daga gadon nan a tarihi.”

Ta yi dariyar da ake so ta yi. Amma abu biyu suka tsaya mata a wuya: a hankali, da kuma ido a rufe.

Ta samu Magatakarda a bayan allon da aka zana tagar asibiti, ya sa rigarsa ta fim yana gyara hula. Ta gaya masa.

Ya ce, “Ai ina cikin fitowar. An ce in tsaya a ƙarshen gado ina jimami. Tana faɗa zan taɓa ƙafar gadon da takalmina, ki ji a jikinki.”

“In an gani fa?”

“Wa ke kallon ƙafar magatakarda?”

Mai kwalliya ta shafe mata fuska da hoda mai toka-toka, ta busar mata da leɓe, ta naɗa mata bandeji a goshi. Ta duba madubi ta ga mahaifiyarta a makonta na ƙarshe, ta kawar da kai. Aka kwantar da ita. Katifar na warin ɗakin ajiya, gadon kuma na ɗan girgiza kan katakon nan. 'Yarta ta fim, wata yarinya sabuwar shiga mai manyan idanu, ta durƙusa ta gaishe ta, hannunta sanyi ƙalau.

Daga nan abubuwa suka fara kwancewa ɗaya bayan ɗaya. Mai kyamara ya leƙa ya ce inuwar Magatakarda na faɗowa kan zanin gado, a matsar da shi. Aka matsar da shi, inuwar ta koma bango. A-Sake ya ce to ya fita daga fitowar gaba ɗaya, uwa da 'ya sun isa. Sannan ya zo da kansa ya kama matashin ya ce ta juya fuska wajen kyamara. Ta juya. Kunnen hagu, mai ɗan sauran rai, ya nutse cikin matashi.

“Ba zan iya juyawa ɗaya ɓangaren ba? Wuyana na ciwo.”

“Hajiya, ƙeyarki za mu nuna wa mutane?”

Aka yi dariya. Ta nemi Magatakarda da ido, ta same shi can kusa da wayoyin fitilu. Ya nuna mata ƙasa da yatsa. Ta gane: ɗakin a kan dandamalin katako aka gina shi, in ya buga ƙafa zai iso gadon.

Ta ga bakin A-Sake ya buɗe da “Akshin”, ta rufe ido.

Wanda ke da kunne bai san abin da rufe ido yake ba. Shi in ya rufe, duniya tana nan, ana motsi, ana tari. Ita tana rufewa aka kwashe kowa. Sai jan hasken fitila a fatar ido, da wani zuuu da ke zaune a kanta kullum, da hannun yarinyar cikin nata. Ta san jawabin yarinyar, ta haddace shi daga takarda lokacin da ake yi mata kwalliya, tana bin sa a zuci. Katifa ta motsa. Hannu ya zame. Ta ƙiyasta taku zuwa ƙofa, ta ƙara ɗan jinkiri, ta buɗe ido.

Yarinyar ko rabin ɗakin ba ta kai ba. Ashe an ce ta tsaya ta share hawaye kyamara ta zagayo ta.

“A sake! Hajiya, kin yi gaggawar warkewa. Ki jira kalmar.”

A karo na biyu ta jira. Can ta ji dum a bayanta, ta cikin ƙarfen gado, ta buɗe ido a hankali kamar mai dawowa daga nesa, ta ga yarinyar a bakin ƙofa daidai inda ya kamata. Daɗi ya kama ta. Bai daɗe ba. Mai sauti ya miƙe yana nuna abin kunnensa.

“Wa ya buga ƙasa? Daidai kan maganar! Ya cinye ‘Mama’ ɗin gaba ɗaya.”

Magatakarda ya ce ƙafarsa ce ta yi sanyi. A-Sake ya ce duk wanda ba ya aiki a fitowar ya sauka daga dandamali, ya koma bayan na'urar kallo, kuma kowa ya cire takalmi. Ta bi abokin nata da kallo yana sauka, takalmi a hannu. Da ya juyo, bakinsa ya ce mata ba tare da murya ba, “Faɗa masa.”

Ta kawar da ido. Ta faɗa masa a ina? A kan wannan gadon, da bandeji a goshi, gaban mutanen da suka ga yadda aka yi da mai rawar hannu? Ai ta rage wa marubuta aiki ke nan.

A-Sake ya tsuguna kusa da ita. Fara'ar ta ragu. “Hajiya, rana na tafiya. Yarinyar nan hawayenta na gaske ne, ba zan iya matso su sau goma ba. Don Allah kada ki motsa sai kin ji ta kira ki. Sai kin ji.”

“To.”

Ta rufe ido.

Hannun yarinyar ya zo. Wani ɗumi ya ɗiga a bayan hannunta. Ta bi jawabin a zuci, amma tsoro ya sa ta ɓata a tsakiya, ta koma farko, ta sake ɓata. Katifa ta motsa. Hannu ya tafi.

Yanzu tana tsaye tana share hawaye. Yanzu kyamara na zagayawa. Yanzu ta taka. Ko ba ta taka ba? Ɗazu ma haka ta ce, ta ji kunya. Bari ta ƙara kaɗan. Ta matsa duk hankalinta cikin kunnen da ke cikin matashi, tana roƙonsa kamar mai roƙon jaki ya tashi. Ba abin da ya ba ta sai bugun zuciyarta, kuma bugun ya yi ƙarfin da ta ji tsoron mai sauti zai kama shi.

Ƙara kaɗan.

Sai wani tunani ya shigo, ya fi na farko muni: in an riga an kira fa? In an kira tun ɗazu, kowa na tsaye yana kallonta, suna haɗa ido da juna? In ta buɗe yanzu za a ce me ya tsayar da ke, ta ce me? Gumi ya taru a ƙarƙashin bandejin ya gangaro cikin kunnenta na dama, ta ji sanyinsa. Ta ce wa fatar idonta ta buɗe, ta ƙi. Tsoron buɗewa da wuri da tsoron buɗewa a makare suka danne ta a tsakiya. Ta tuna mahaifiyarta a asibiti, suna kewaye da ita suna kira, suna cewa ta tafi ba ta ji. Wa ya sani ko tana nan a ciki, tana jiran a taɓa ta?

Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Jan da ke fatar idonta dai ya dushe. An kashe babbar fitila.

Ta buɗe ido.

Yarinyar na durƙushe a bakin ƙofa, fuska cikin tafin hannu, kafaɗunta na tsalle. Mai kwalliya na goge ido da gefen mayafi. Mai kyamara, ƙaton da ba ya dariya ba ya kuka, ya juya baya. Sannan ta ga hannaye suna haɗuwa suna rabuwa, ɗakin duka, ta ji abin kamar ruwan sama a kan rufin maƙwabta. Tafi ake yi mata.

A-Sake ya hau dandamalin da gudu, da safa a ƙafa, ya tsuguna daidai fuskarta. Ba ta taɓa karanta baki cikin sauƙi kamar wannan ba.

“Hajiya! Ta kira, ba ki tashi ba. Ta sake kira, ba ki tashi ba. Na yi mata hannu ta ci gaba. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ko gashin idonki bai motsa ba!” Ya juya ya ce a kira masa furodusa a waya, ya juyo. “Wannan ba farkawa ba ce, wannan ƙarshe ne. In muka tashe ki bayan wannan mun cuci shirin. A nan Mai Shari'a za ta cika. Duk ƙasa sai ta yi kuka.”

Sai ya yi dariya, irin ta wanda ya tsinci abu, ya ce cikin zolaya, “Gaya mini gaskiya. Da gangan kika yi, ko dai ba ki ji ta ba ne?”

Ga ƙofa an buɗe mata. Kalma uku ce: ban ji ba. In ta faɗa, wataƙila ya dafe kai ya ce a sake, a sa wani ya ja zare a ƙafarta, ta farka, ta koma kujerarta. Wataƙila kuma ta ga fuskokin nan da ke kallonta da girmamawa sun koma tausayi, a fara yi mata magana da ƙarfi da hannu kamar ƙaramar yarinya, a ƙarshe dai a dawo da ita gadon nan. A bayan kafaɗar A-Sake, Magatakarda na tsaye riƙe da takalmansa, bakinsa na maimaita abin da ya faɗa ɗazu.

Ta tashi zaune, ta ɓare salatif ɗin daga hannunta, ta yi masa kallon nan na kotu.

“Yaro, tun ba a haife ka ba nake wannan aikin.”

Aka sake tafi. Magatakarda bai tafa ba. Ya zauna a kan akwatin fitila ya sa takalminsa, ya daɗe yana ɗaure igiya ɗaya.

An yi mata walimar ban kwana, an ba ta hoton kanta cikin firam. Jaridu sun ce fitowar ita ce ƙololuwar aikinta. Ta ƙi kallon shirin ranar da aka nuna shi, ta ce kanta na ciwo. Sai da aka maimaita shi wata rana da hantsi, Auta na kicin, ta jawo kujera gaban talabijin ta zauna, bayanta ga ƙofa.

Ta ga kanta a kwance, toka-toka. Ta ga yarinyar ta saki hannu, ta share ido, ta taka zuwa ƙofa, ta juyo. Leɓe ya haɗu ya rabu, ya haɗu ya rabu. A duk kalmomin duniya babu mai sauƙin karantawa kamar wannan. Yarinyar ta jira. Ta sake faɗa. A karo na gaba fuskarta ta canza, kuma Mai Shari'a ta san wasa ta san wanda ba wasa ba: yarinyar ta tsorata da gaske, ta ɗauka tsohuwar ta mutu a hannunsu. Tana ta kira, matar da ke kan gadon ko gezau.

Ta zauna kamar an dasa ta, kai a ɗan karkace, hannu a saki a gefen kujera. Ba ta ƙifta ba har rubutun sunaye ya fara hawa.

Wani ɗumi ya taɓa dugaduganta. Ta duba ƙasa, ta ga shayi na malalowa daga ƙarƙashin kujera, da gutsuren kofi a ciki. Ta juya.

Auta ce a bakin ƙofa, faranti a kife a gabanta, hannu biyu a ƙirji. Fuskarta irin ta yarinyar talabijin ce sak, sai dai wannan babu wanda ya yi mata hannu ta ci gaba. Leɓenta na haɗuwa yana rabuwa. Jijiyar wuyanta ta tashi, alamar ba raɗa take yi ba, kuma ba yanzu ta fara ba.

Mai Shari'a ta buɗe baki za ta ce hankalinta ne ya tafi kan shirin. Maganar na nan a shirye, ta sha faɗin irinta. Ta dubi fuskar 'yarta, ta haɗiye maganar.

Ta miƙa hannu ta kashe talabijin.

“Auta,” ta ce, ba ta san ko da ƙarfi ta faɗa ko a hankali ba. “Bar kofin nan. Zagayo gabana, inda zan ga bakinki.”